Harafin da Bai Samu Anko Ba

A Tudun Wadan Gombe, daura da ƙofar jami'a,
shagona taku huɗu ne:
injin bugu mai tari,
da janareta da muke karo-karo da mai aski.
Nan nake buga wa 'yan lissafi kundin gama karatu.
Shafi mai alamomi kuɗinsa daban,
don yana cin ido kamar tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ran Talata Haƙilu ya shigo,
jan biro ya yi wa takardarsa kaca-kaca.
Wai malaminsa ya ce
kalmar da na'ura za ta karanta
kada ta sa kaya irin na sauran zance.
A ba ta haruffan nan masu faɗi ɗaya,
kowa da gonarsa, ba mai cin iyakar wani.

Ai na san su.
Tun ban san kwamfuta ba na san su.
Baffa Manu, shekara ashirin da shida a sakatariyar Kumo,
tafireta a gabansa, ƙararrawa a ƙarshen layi.
Ga i siririya kamar tsinken tsire,
ga m kamar buhun auduga,
amma fuloti ɗaya aka yanka musu.
Yakan ce, ko a kotu
bai ga adalcin ƙarfen nan ba.
Sai dai in ya zare takarda
yakan ɗauki alƙalami ya bi ta layi-layi
yana yi wa b da d da k lanƙwasa,
kada gaɓa ta kwana ta tashi gaba,
kada baƙi su isa gaban shugaba suna baki.

Na yi wa Haƙilu yadda aka ce.
Lambobi suka hau kan juna daram,
sahu bai karkace ba,
sifiri da o suka daina musun kamanni.
Abin gwanin sha'awa. A nan gidansu yake.

Da dare sai ga saƙon Faɗimatu, 'yar yayata.
Ta yi wa sunanta kwalliya a waya:
𝙵𝚊ɗ𝚒𝚖𝚊𝚝𝚞
Haruffa bakwai sun sha anko,
sun jeru, ƙafa a ware, kamar 'yan fareti.
Ɗaya tilo a tsakiya da kayan gida.
Telan da ya yanka yadin
don lissafi ya yanka shi,
bai taɓa jin ana kiran ɗa ko ɗiya ba,
bare ya auna mata wuya.

Na rubuta sunan ina nemanta,
waya ta ce ba ta san mai shi ba.
Ido na cewa F ce,
na'ura na cewa lambarta daban.
Kama da wane ba wane ba.

Washegari yayata ta biyo ta shago daga kasuwa,
da ledar yakuwa da tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi.
Ta ce, duba min, ko yarinyar nan an yi mata kutse?
Na duba.
Akwati biyu, sannan ɗ, sannan akwati biyar.
Duk masu ankon sun shige akwati sun rufe.
Ita kaɗai ta rage a fili,
da 'yar lanƙwasarta,
kamar mai jiran mota a Tashar Dukku
bayan kowa ya watse.

Na yi dariya har mai aski ya leƙo.
Yaya ba ta yi ba.
Ta ce, to a gaya mata ta maido sunan da aka yanka wa rago.

La'asar Haƙilu ya zo karɓar aikinsa.
Shafi tamanin da uku, ba kuskure ko ɗaya,
in ban da bango,
inda injin ya rubuta Hakilu.
An ɗauke wuta, man janareta ya ƙare,
shi kuma yau ne ranar miƙawa.

Na lalubi biro baƙi a aljihun tebur.
Na ce, riƙe min takardar da kyau,
kada ka motsa.