Matakala Talatin da Tara

Nomau ya ce jikka biyu, ban taya ba.
Ya ce cire takalmi, na cire.
Ya janye tsohon kwanon da ya rufe bakin ramin
bayan wani kango, can gangaren tsohuwar Maraɗi,
inda gonakin tumatir suka gaji unguwanni
tun da Gulbi ya kora mutane tudu.

Sanyi ne ya fara yi mini maraba,
irin na randar kaka da asuba,
sai warin laka da kashin jemage.
"Dafa bango da hagu," in ji shi,
"dama ta bismilla ce.
Ta goma sha ɗaya ta karye, tsallake ta."

Muka sauka.
Hasken rana ya rako mu matakala bakwai ya koma,
kamar mai gida da ya bar tuwo a buɗe.
Kukan kabu-kabu ya zama na sauro,
sannan ya zama babu.

Ya haska bango da cocilarsa mai ɗaurin roba.
Zane-zane ne, kamar tsagar fuska.
"Nan ruwa ya kai shekarar da aka haifi babana.
Nan, shekarar fara.
Nan kuwa," ya durƙusa har gwiwa ta yi ƙara,
"shekarar da aka ci dussa.
Bai ƙafe ba.
Ya dai ja da baya, don ya ga wa zai biyo shi."

A gefe, dutse ya lotsa wuri biyar, shida,
gurbin gindin tuluna.
Mata nawa suka sauke a nan,
suka gyara gammo, suka yi gulmar miji,
har dutse ya gaji ya ba su wuri?
Kakata Gwamma ta ce daga nan ta ɗebo
ranar da naƙudar babata ta kama ta a matakala ta ashirin.
Na ƙirga. Na tsaya a kai.
Ba alama. Ƙasa ce kawai, mai santsi.

Talatin da tara.
Ga shi kwance, baƙi ƙirin, ko motsi,
ƙarƙashin rufin da ba azara, ba ginshiƙi.
Wata tarwaɗa, fara fat don rashin rana,
ta yanka hasken ta wuce.
"Ita ce mai gidan," in ji Nomau, "ni ɗan aike ne."

Na ɗaga waya.
Ya ce, "Duhu ba ya ɗaukuwa. Kashe."
Na kashe, ya kashe.

Ɗis.

Can an jima,
ɗis.

Ni da na shekara tara ina karanta kwantar ruwa,
ina yawo da sifana ƙofa ƙofa,
ina yanke wa mutane famfo
kan bashin wata biyu,
bakina bai iya shiru ba.
Na ce, "Lita nawa zai kai?"
Dariyarsa ta bugi bango ta dawo uku.
"Ɗan nan, ƙishirwa ce mudunsa.
Masu haƙa ba su bar suna ba,
balle su bar lissafi."

Ya miƙo mini ƙoƙo cikin duhu,
ban san yadda ya gano hannuna ba.
Na sha.
Haƙora suka yi tsami,
wani abu da ya daɗe a maƙogwaro ya wuce.

Hawa ya fi sauka tsawo.
A ta goma sha ɗaya na manta, na zame,
na zauna daɓas cikin jiƙa,
tsohon bai ko waiwayo ba.

A waje, rana ta mare mu.
Ya mai da kwanon, ya aza dutse,
ya lanƙwashe jikkarsa biyu cikin hula.
Na laluba aljihun baya:
takardar gidajen da zan yanke ran Litinin
ta jiƙe sharkaf,
tawada ta bi ta kan sunaye.
Na Hajiya Dije mai ƙosai kaɗai nake iya karantawa,
shi ma da ƙyar,
in na matse ido.

Ban matse ba.