Mai Gyaran Famfo a Ajin Fentin Ruwa

Shekara arba'in da ɗaya ina gaba da ruwa.
A gidajen Porto, ƙarƙashin baho, bayan bango,
duk inda ya ɗiga sai a kira Abílio,
in durƙusa da sifana in shaƙe masa wuya.
Ban taɓa barin ɗigo ya kwana a gidan mutane ba.

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji.
'Yata Leonor ta biya mini kuɗin aji,
wai kada zaman gida ya sa in yi tsatsa.
Ranar Talata, hawa na uku, saman shagon busasshen kifi,
mu bakwai ne, ni ne babba,
ni ne kuma mai kaurin yatsu.

Malama Graciete ta ajiye mini kwalbar zaitun cike da ruwa,
buroshi siriri kamar jelar ɓera,
da launi uku kacal: shuɗi, rawaya, da ja irin na bulo.
Ta ce, "Jiƙa takardar."
Na ce, "Da gangan?"

Na ɗiga shuɗi a kan danshin,
ya bazu, ya yi rassa, ya nufi gefe
kamar yoyon silin a gidan haya.
Hannuna bai yi shawara da ni ba,
ya wawuri tsumma zai toshe.
"Sake shi," in ji ta.
"Ba kowa a hawan ƙasa da zai kawo ƙara."

Mako na biyu na ce kogin Douro zan yi.
Na sa shuɗi, bai yi ba, na ƙara rawaya,
na ƙara ja don in gyara rawayar,
na goga, na goga, har takarda ta fara saɓa.
Abin da ya fito na san shi sarai:
launin da ke zubowa in an kwance bututun kicin.
Garin neman gira na rasa ido.

Tomé, yaron da ke gefena,
wanda sifanata ta girme shi,
taɓi uku ya yi, sai ga kwale-kwale.
Na tambaye shi sirrin.
Ya ce shi ma bai sani ba, ya dai daina da wuri.

Jira ya fi komai wuya.
A sana'ata jira asara ce,
ruwa na cin katako kana tsaye.
Nan kuwa sai a naɗe hannu a kalli taga,
tsuntsayen teku na faɗa a kan jan rufi,
warin kifi na hawowa matakala,
har takarda ta ga damar bushewa.

Sai maganar fari.
Na duba akwatin, babu farin fenti.
"Farinka takardar ce," ta ce.
"Inda kake son haske, kada ka taɓa."
Na yi shiru,
ni da taɓawa ce ta ciyar da ni.

Jiya Lahadi na zauna a baranda
ina fuskantar igiyar shanyar Dona Ilda:
riguna uku, zanen gado ɗaya, iska na tsokanarsu.
Na shafa bangon baya da rawaya mai ruwa-ruwa,
na kewaye zanen gadon, ban shiga ba.
Hannu na rawa.
Shuɗin sama ya zubo cikin bangon,
ya haifi wani kore da ban yi odarsa ba.
Na ɗauki tsumma.
Na ajiye.

Da ya bushe, takardar ta lanƙwashe kamar ganye,
bangon ya karkace, rigunan sun koma kifaye.
Amma zanen gadon nan da ban sa wa komai ba
yana nan fes, rana kwance a jikinsa.

Leonor ta manna shi a ƙofar firiji, kai a ƙasa.
Ban gyara mata ba.
Famfon kicin ɗina ma yana ɗiga tun Alhamis,
ina jin sa cikin dare, ɗis, ɗis.
Gobe zan duba shi.
Ko jibi.