Wadda Ake Kayarwa

Sau nawa kika kayar da ni, Oriane?
Na fara ƙirge a Brest, muna 'yan shekara tara,
a ɗakin judo na bayan kasuwar kifi,
inda rufi ke yoyo cikin bokiti biyu,
tabarma na warin gishiri da gumi.
Na kai dubu huɗu, lissafi ya kwance mini.

Tsoho Kervadec mai murɗaɗɗen kunne
bai koya mana kaye ba sai da sanyi ya wuce.
Faɗuwa kawai.
Ku faɗi, ku daki ƙasa da tafi,
ku tashi, ku gyara ɗamara, ku rusuna, ku sake.
Ni na riga kowa iyawa.
Ke kuwa kamar buhun dankali kike zubewa,
ki miƙe ido jawur,
kina hararar tabarma kamar ta ci bashinki.

Da aka kira ki Paris, aka ce ki zo da abokiyar gwaji.
Ba ki tambaye ni ba. Tikiti biyu kika saya.

Kilo sittin da uku, ko ɗigo ba a ƙarawa.
Daren awo kina tsotsar ɓawon lemo,
leɓe a bushe, kina ƙirga fitilun titi,
ni kuma ina banɗaki, na kulle ƙofa,
ina cin burodi da man shanu a ɓoye
don kada ƙamshi ya iso gare ki.
Kin sani. Ba ki taɓa faɗa ba.

Karon ƙarshe na farko, daƙiƙa goma sha ɗaya.
Wata bahaguwa daga Holan
ta cafki hannun rigarki, ta juya, shi ke nan.
Gaba da gabanta.
A jirgin ƙasa ba ki ce uffan ba har Rennes,
sannan kika ce: Gwenola, daga gobe ke bahaguwa ce.

Shekara biyu na zama ita.
Na ari tsayuwarta, na ari kamunta,
har cokali da hagu nake ɗauka.
Gwiwarki ta tsage, aka ɗinke,
wata bakwai kina jan ƙafa a bakin tabarma
kina zagina don na tsaya ba daidai ba.

Ranar da kuka sake haɗuwa ba na cikin fili.
Ina ɗakin ɗumama jiki, riƙe da tawul ɗinki,
gaban wata 'yar talabijin marar murya.
Lokaci ya ƙare, aka ƙara.
Na ga kafaɗarki ta yi ƙasa kaɗan,
sai bayana ya amsa,
nan tsakanin allon kafaɗa, inda kullum nake sauka.
Jikina ya san kayen
kafin alƙali ya ɗaga hannu.

An buga take, an ɗaga tuta, zinariya a wuyanki.
Washegari jarida ta sa hotonki;
a gefe, can ƙasa, akwai gwiwar hannu.
Tawa ce.
Na yanke hoton na ajiye.
Ban ce ban ji ɗaci ba.
Na ji, kamar tsakuwa a takalmi,
na kuma yi tafiya da ita shekaru.

Jiya kin zo Brest, furfura a goshi,
yatsu sun kanannaɗe, maɓallin kwat ya gagare ki.
Na ɓalla miki.
Bokitin nan biyu suna nan, an ƙara na uku.
Yara sun watse, kika tuɓe takalmi,
kika ce: to, sau ɗaya, rama.

Na kama da hagu, don dama ta manta.
Na juya.

Oriane, shekara talatin,
har yanzu kamar buhun dankali.