Aikin Bayan Fage

A Quy Nhon, ƙarfe ɗaya na dare,
Khue na gaban kwamfuta,
shayi ya huce, fanka na gurnani.
Manhaja take ginawa masunta:
kafin jirgi ya bar gaɓa
waya ta ɗebo labarin iska da igiyar ruwa ta adana,
don can tsakiyar teku ba sabis,
daga ruwa sai sama.

Da fari umarni ta rubuta:
"Duk minti goma sha biyar ki farka, ki duba."
Waya ta bi, kwana biyu,
batir na zuba kamar ruwa a kwando.
Mahaifinta Luom ya dawo da ita a mace,
ya ajiye gefen tiren kifi, bai ce uffan ba.
Da ma zagi ya yi.

Sai ta rage: sau ɗaya, ƙarfe uku daidai.
Ashe wayar da aka bari kwance
barci take, mai nauyi,
kuma akwai mai gadi a cikinta
da bai san "daidai" ba.
Tara ayyuka yake, kamar direba mai jiran mota ta cika,
ya sake su sa'ad da ya ga dama.
Ran Laraba aikin ya tashi huɗu da kwata.
Luom ya riga ya wuce fitilar gaɓa
da labarin jiya a aljihu.
Iska ta juya.
Ya dawo da la'asar, taru a yage, gwiwa a kumbure,
yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Khue ta bar gardama da agogo,
ta koma kallon tsohon.
Ƙarfe tara yake jona waya a caji
kusa da tukunyar shinkafa,
inda intanet ɗin maƙwabciya ke leƙowa ta bango.
Biyu da rabi ya tashi, tari biyu, ya zare.

Wannan karon roƙo ta rubuta:
"In kina caji, in akwai hanya,
daga sha biyu zuwa biyu, sa'ad da ya yi miki.
In kin faɗi, jira minti ɗaya, ki sake.
In kin kuma faɗuwa, ninka jiran.
In an katse ki, kar ki bar rabin zance,
na jiya cikakke ya fi na yau gutsure.
Ki rubuta sa'ar da kika ɗebo da manyan baƙaƙe,
idon Baba ya fara gajiya."

Ba ta kwanta ba.
Biyu saura minti takwas
layi ɗaya ya bayyana a allonta: an gama.
Ba ƙara, ba haske daga kicin.

Can ta ji tarin, biyu,
ta ji takalmin roba a kan siminti,
ta ji ƙofa.
Ta ɗauki shayin nan mai sanyi ta shanye.