Mako Shida a Cikin Sanyi

Ruwa ya kwana yana dukan rufin Blumenau,
kogin Itajai ya cika, ya yi ja da laka,
ni kuma tun asuba nake goge kanta
wadda na riga na goge jiya.
Yau Baba zai zo.

Mako shida giyar nan tana barci a ƙasa,
cikin tankin ƙarfe mai zufar sanyi,
ba na taɓa ta, sai dai in kasa kunne.
Sha'ir, ruwa, yisti da furen hof,
huɗu ke nan, babu na biyar.
Baƙar giya takan rufa wa mai ita asiri,
filsina kuwa tonon silili take yi,
kuskure ɗaya, ana hango shi daga bakin titi.

Ƙarfe huɗu ya shigo, Arnoldo Krieger,
lema a hammata, hula a jiƙe.
Shekara talatin da takwas a masaƙar tawul
sun bar shi da kunne ɗaya da tari.
Bai dubi fitilun da na rataya ba,
bai dubi allon farashi ba.
Ya ja kujerar da ke kusa da taga,
ya ce, "Marlise, ƙofarki tana ƙara."

Na karkata dogon tambulan, na tsiyaya a hankali,
na dakata kumfa ta zauna, na ƙara,
na sake dakatawa. Sau uku.
Ta fito kalar karan alkama da rana ta gasa,
garau, har ina ganin yatsuna ta bayanta,
kumfa fara sol ta ɗago ta wuce baki.

Ya ɗaga ta wajen haske.
Ya sansana kamar mai sayen kifi.
Valdir da ke wanke-wanke ya kashe famfo.
Ya kurɓa. Maƙogwaro ya hau, ya sauka.
Kumfa ta maƙale a gashin baki, bai share ba.

"Da ɗaci," ya ce.

Na ce ai haka ake so.
Ya ce, "Na sani. Ba tambaya na yi ba."

Shiru. Ruwa na ta aikinsa.
Can sai ya soma, da Jamusancin nan nasa
da ya tsufa ya karkace kamar shingen gona,
wanda ban ƙara ji ba tun rasuwar Mama:
"Kakanki yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa.
Kwalabe saba'in, a jere, kowace da ranarta.
Shekarar da kogi ya shigo gari
muna kan rufi muna kallo suna fita ta taga,
ɗaya bayan ɗaya, wuya a sama, kamar agwagi.
Bai yi kukan gidan ba.
Bai kuma sake ɗora tukunya ba."

Ban taɓa sani ba.
Shekara arba'in da ɗaya ina 'yarsa,
ashe na je har Jamus na biya kuɗi na koyo
abin da ruwa ya kwashe daga gidanmu.

Ya sake kurɓa, wannan karon mai tsawo.
Na san abin da ke faruwa a harshensa:
ɗacin ya zo tsaf, ya gaisa, ya wuce,
ya bar ɓawon burodi a baya
da ƙamshin ciyawar da aka yanka da safe.
Sauran kuwa, can ciki, ba ni da labari.

Tambulan ya koma rabi, ya koma zobba,
zoben kumfa a kan zobe, kowane kurɓi da shaidarsa.
Na ƙirga bakwai.

Ya laluba aljihu. Na ce, "Haba, Baba."
Ya ajiye kuɗi a kan kanta, daidai da na allo.
Ashe ya karanta.

A bakin ƙofa ya tsaya yana kokawa da lema,
ya ce, "Tasa ta fi taki duhu kaɗan."
Lemar ta buɗe.
"Gobe zan zo da mai, in sa wa ƙofar nan."