Tsatsa

Shekara talatin da huɗu babana Bogumil ya yi
yana faɗa da tsatsa a tashar jiragen ruwan Gdansk.
Ya kankare, ya goge, ya shafa jan fenti,
teku ta dawo da gishirinta ta warware aikin.
Yakan ce: Dobrawa, tsatsa ba ta gaggawa,
ƙarfe ne ke gajiya.

Yanzu yana hawa na huɗu a asibiti.
An yanke masa taƙi guda na hanji,
ga jaka manne a gefen ciki, ba ya son a kalla.
Sankara ce. Sau ɗaya likita ta kama sunanta,
tun daga ranar muke ce mata abin nan.

Ni kuwa wurin aikina titi uku ne daga gadonsa.
Irin abin nan nake kiwo a faranti,
cikin ruwa ja-ja, a akwati mai ɗumin jikin mutum.
Litinin da Alhamis nake ba su abinci
kamar mai kaji.
Kada a ce ba na jin kunya.

Ga abin da aka lura:
ƙwayoyin nan akwai kwaɗayin ƙarfe.
Suna wawurar sa daga jini su cika rumbu,
don mai yawan haihuwa ba ta ƙoshi.
Amma bangon ƙwaya da maiƙo aka gina shi,
ƙarfe kuwa, in ya sami iska ya sami maiƙo,
sai ya shiga ci,
bango ya juya kamar man da aka manta a buɗe.
Abin da ke riƙe da gidan wani ɗan mai gadi ne
da ke bin bango da tsumma dare da rana.

Muka ce, to, a ɗaure mai gadin mu gani.

Ƙarfe biyun dare, har lokacin ma ƙarfe ne,
na sa ido a madubi.
Waɗanda jiya suka baje kamar masu gida
sun tattare, sun kumbura, sun saki faranti,
ɗaya bayan ɗaya suna fashewa ba ƙara.
Ba guba muka kawo daga waje ba.
Ajiyarsu ce ta cinye su.
Na zauna a ƙasa da safar hannu, na rasa wa zan kira.

Sai dai faranti ba mutum ba ne.
A gefe guda wasu tsiraru sun ƙi mutuwa,
ashe suna da mai gadi na biyu a ɓoye.
Saura ɓeraye, saura shekaru,
saura takardun neman kuɗi da ake dawo mana da su.

Da safe na kai masa shayi, na ba shi labari.
Ya saurara irin sauraron tsohon ma'aikaci
in sabon injiniya ya zo da zane.
Ya ce: wato kin ɗauki abokiyar gabata aiki.
Ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi ƙarasawa.
Can ya ce: tsatsa ba ta tambayar jirgin wa.
Wa zai gaya mata inda za ta tsaya?

Na ce: nan ɗin muka maƙale, Baba.

Zai riske ni?

Na duba ƙasan kofi. Na ce: ban zata ba.

Ya gyaɗa kai. Jirage nawa ya yi wa fenti,
ko ɗaya bai taɓa hawa ba, bai kuma faɗa ba,
ni ce na tuna.
Ya ce in tura gadon kusa da taga.
Dusar ƙanƙara na sauka kan manyan ƙugiyoyin tasha,
a ƙarfen tagar kuma ga wani ɗan jan tabo.
Ya kai farce, don hannu ya riga ya saba,
sai ya dakata,
ya bar shi.