Yaron Famfo

A Aboabo, bayan masu facin taya,
akwai shago mai ƙofar kwano
inda Baba Sumaila ke lanƙwasa gilashi a harshen wuta,
yana hura shi a hankali
kamar mai huce wa jariri koko.

Ni ne yaron famfo.
Aikina in zuƙe iskar cikin bututu,
idona a kan allurar ma'auni,
har sai ya ɗaga yatsa.

Ran farko na yi garaje, na tsaya da wuri.
Ya jona waya biyu, taransifoma ta yi gurnani,
bututu ya yi kunnen uwar shegu.
Ya ce: Mumuni, ka taɓa gudu a Kejetiya ran jajibere?
Taku ɗaya, kafaɗar mai kifi,
taku biyu, farantin mai albasa.
Haka ƙwayar lantarki take in iska ta yi yawa.
Wuta na jan ta daga wannan baki zuwa wancan,
kafin ta ɗauki gudu ta ci karo,
karon da ba ya ka da kowa.

Kashegari na ce yau sai na burge shi.
Na zuƙa, na zuƙa, har famfo ya soma tari.
Duhu dai.
Ya yi dariya har tabarau ya zame masa.
Ya ce: Yanzu ka kai ta filin ƙwallo da asuba.
Ta sheƙa, ta isa, ba ta taɓa kowa ba.
Wa zai ba da labari?

Sai ya murɗa bakin wata 'yar kwalba,
ya saki iskar niyon, gwargwadon gishirin miya.
Ɗaya ta taso, ta sami fili, ta yi ƙarfi,
ta bangaje ƙwayar iska, ta fizge mata 'ya,
suka zama biyu.
Biyu, huɗu. Huɗu, ban iya ƙirgawa.
Iskar da ɗazu ta tare hanya
ita ce ta zama gada.

Ja ya cika shagon.
Ya hau gemunsa, ya hau kwanon wake da shinkafata,
har ƙadangaren bango ya tsaya kallo.

Sunan wata mai sakwara muka rubuta a ranar,
Mame Sarwa, can wajen Asafo.
Ta biya rabi, ta cika sauran da miyar gyaɗa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Yana ta rufe idon Baba,
mutane sun koma ƙananan fitilun kanti,
famfon na ƙarƙashin gadona.

Jiya da dare na wuce a turoturo.
Harafin farko yana ƙyafta ido, janshi ya soma shuɗewa.
Wani wuri gilashi ya tsage,
kasuwa ta fara shiga.

Na gaya wa Baba.
Ya ce in nemo tsani,
kuma kada in tsaya da wuri.